Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan kitsen jini da cutar mantuwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce ƙaninki mai lalurar Down ya shiga shekara 41, gwaji ya nuna kolestarol ɗinsa, wato kitsen jini, ya hau, kina fargabar kada ya jawo masa cutar mantuwa. Fargabarki tana da tushe, ni ma na sha ta a kan yayana, wanda yake hannuna tun rasuwar mahaifiyarmu.

Masu wannan lalura suna da kwafi uku na kuromosom na 21 maimakon biyu, kuma a kansa ne ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin amiloid, wanda taruwarsa a ƙwaƙwalwa ke da alaƙa da cutar mantuwa, take, shi ya sa kusan dukkansu sinadarin yake taruwa musu a ƙwaƙwalwa zuwa shekara 40, ko da alamu ba su bayyana ba tukuna. Kolestarol ƙari ne a kan wannan nauyi. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2007, ya gano cewa masu lalurar da kolestarol ɗinsu ya kai 200 a ma'aunin mg/dL sun ninka sauran haɗarin kamuwa da cutar mantuwa ta Alzaima, sannan a 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sanya yawan kolestarol na LDL, wato nau'insa mai cutarwa, cikin abubuwan da ake iya magancewa don rage haɗarin mantuwa.

Sai dai abin da nake roƙonki, kafin a ɗora shi a kan maganin statin mai rage kolestarol, ki nemi a yi masa gwajin tayiroid. Raunin wannan ƙulli na wuya ya yawaita a tsakaninsu, yana ɗaga kolestarol, yana kuma kawo kasala da shiru mai kama da mantuwa. Yayana, wanda ba ya taɓa barin sallayarsa a warware, ya koma yana tsayawa da buta a hannu ya rasa ta inda zai fara alwala. A wani asibiti aka sallame mu da cewa ai dama haka irinsu suke, maganar da har yau take yi mini ciwo. Da aka gwada a wani wurin, tayiroid ce, kuma cikin watanni da fara magani ya dawo yana ninke sallayarsa, kolestarol ɗin ma ya sauka.

A gida mun rage masa ganda, man shanu da soye-soye, muka yawaita wake da miyar ganye, kullum kuma a ƙafa muke zuwa masallaci. Ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da yake iya yi da kansa a yanzu, domin da shi likita zai gane duk canjin da ya shigo daga baya. Allah Ya ƙara masa lafiya.