Filin Goggo: gawayi, shara a kwata, da bishiyar da ta ƙi kamawa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon sun yi yawa, na zaɓo uku da suka shafi muhalli da zaman maƙwabtaka, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Goggo ina wuni, ya gida ya jama'a. Ni matar aure ce a Hausare nan Garwa, yarana biyar. Babban ɗana yana lise, wato sakandare, kwanaki ya dawo min da wata magana wai malaminsu yace mu masu girki da gawayi mu ne muke cinye daji, mu ke jawo hamada da wannan zafin da ake fama da shi, tun ranar in zan hura wuta sai yayi ta min mita. Ni kuma wallahi abin ya tsaya min a rai dan bana so in shiga cikin masu cutar da jama'a, amma gas ɗin ne bamu da halinsa, maigidana kilando yake yi, wato haya da babur. To ya zanyi Goggo?

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya raya miki su. Ki fara kwantar da hankalinki tukuna, ke ba mai laifi bace dan kin dafa wa yaranki tuwo da abinda hannunki ya kai. Amma kuma kar ki ga laifin yaron, akwai gaskiya a maganar malamin nasu, gawayi yana cin itace fiye da yadda muke zato, dan irin ƙonawar da ake yi a daji ta rufe itace da ƙasa sai an kashe kilo biyar ko fiye na ice kafin a samu kilo ɗaya na gawayi, kuma masu yi ba busasshe suke nema ba, bishiya mai rai suke sarewa dan ita ke bada gawayi mai nauyi. Inda maganar bata cika ba shine ɗora wa mace mai murhu laifin zafin duniya baki ɗaya. Hayaƙin da ya ɗumama duniya mafi yawansa daga masana'antu da motocin manyan ƙasashe ya fito, Amurka da Turai da Sin, mu nan kaɗan muka zuba amma mu ke shan wahalar.

Kuma an gwada hana gawayi da ƙarfi an ga yadda ta kaya. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gwamnatin Cadi ta hana shigo da gawayi Injamena dan a kare itatuwa, niyya mai kyau ce, amma ba'a tanadar wa talaka madadinsa ba, masu hali suka koma gas, marasa hali suka koma ƙona kashin shanu da ƙwallon goruba, wasu har kujerun gida suka farfasa. Shi yasa ni duk maganar muhallin da ba ta fara da tambayar "to talaka da me zai dafa" ba, bana ɗaukarta da muhimmanci. Nan Kamaru farashin gwamnati na cika tukunyar gas mai kilo 12.5 sefa 6,500 ne, ga kuɗin tukunyar kanta ga na reshon, mai kilando ina zai haɗa wannan lokaci guda.

Abinda ke hannunki shine ki rage yawan da kike ƙonawa, kuma wannan aljihun maigidanki ne zai fara jin daɗinsa. Kurfoti na ƙarfe zalla zafi yake zubarwa ta ko ina, ki nemi murhun nan da ake lulluɓe cikinsa da yumɓu, maƙera na yinsa, yana riƙe zafi sosai gawayin da kike gamawa da rana zai kai ki dare. Wake ki jiƙa shi tun dare. Tukunya kar ta zauna kan wuta ba murfi, kar ki hura wuta sai kin gama jajjage da wanke-wanke komai na gabanki, mata da yawa wuta na ci suna can suna gyaran kuɓewa. In kin sauke girki ki zuba sauran garwashin a tsohuwar tukunya ki rufe ya mutu, gobe ki tashi da shi, kar ki barshi ya zama toka. Shinkafa ko wake in ya tafasa sosai kina iya saukewa ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki sa a kwando, da kanta zata ƙarasa nuna. Sannan dan Allah banda girki a ɗaki a rufe ko kai garwashi ɗakin kwana lokacin sanyi, iskar gawayi bata da wari kuma tana kisa.

Sai abu ɗaya da nake roƙonki. Matan da ke ɗauko ice a ka daga bayan gari, tun asuba suka fita, in sun zo ƙofar gida kar ki tsaya kina murɗe musu farashi kan dala biyar dala goma. Shi kuma babban ɗan naki ki bashi aiki, yaje kasuwa ya tambayo kuɗin murhun yumɓun, ya riƙa rubuta kwana nawa buhu yake yi muku kafin da bayan an canja. Zai bar mita ya kama lissafi.

TAMBAYA: Salam Goggo. Ni saurayi ne ina zaune Waliya a Injamena gidan haya. Akwai wani dattijo gidansa na sama da namu, da hadari ya haɗu sai yaransa su fito da bokitan shara su juye a kwata wai ruwa ya tafi da ita, to ruwan baya tafiya da ita ko ina, ƙofarmu yake tarawa, kwatar ta toshe ruwa ya shigo mana har ɗaki, bara katifata ta lalace. Abokaina sunce mu kwashe sharar mu mayar masa ƙofar gida ya ɗanɗana. Ni dai raina ya ɓaci amma sa'an babana ne.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar maka da alheri, na san zafin wannan abu. Amma shawarar abokanka ka ajiye ta gefe, in kuka zuba masa shara a ƙofa maganar ta tashi daga ta kwata ta koma ta rashin kunya, duk unguwa kai za'a ba rashin gaskiya, kwatar kuma tana nan a toshe.

Ka bambance abu biyu. Ambaliyar da ta cinye Waliya a 2022 da wadda aka sake yi a 2024, wannan kogin Shari da Logon ne suka cika suka tumbatsa, ba bokitin sharar wani dattijo bane, a 2024 kusan mutum miliyan biyu abin ya shafa a faɗin Cadi, ta ɓangaren Kamaru ma Yagwa ta sha ruwa. Wannan aikin hukuma ne, na datsiya da manyan magudanai, kuma haƙƙinku ne ku riƙa tambayar meri, wato ofishin magajin gari, ina aka kwana. Amma ruwan awa biyu da ke shiga ɗakinka dan leda da robar lemo sun toshe kwata, wannan namu ne, mu muka yi. Leda an hana ta a Injamena da gaske a 2010 lokacin magajiyar gari Marie-Thérèse Mbaïlemdana, waɗanda suka ga lokacin zasu gaya maka yadda tituna suka yi fes, Kamaru ma dokar hana leda mara kauri ta fara aiki a 2014, amma yau je kasuwa ka sayi tumatir na dala ashirin, a leda za'a ƙulla maka, wani lokacin biyu.

Kuma kullum na ƙasa ke biya, mai gida a tudu ya zubar ya manta, ɗan haya a kwari shi ke kwana tsaye da tsintsiya, shi yaransa ke fama da sauro da zazzaɓi. Dattijon nan mai yiwuwa bai taɓa tsayawa ya ga inda sharar gidansa take ƙarewa ba. Dan haka kar kaje kai kaɗai kuma kar kaje ranar da ranka ke ɓace. Ka samu liman ko mai unguwa, ko wani babba da yake jin nauyinsa, ku je bayan la'asar ku gaisa, kace Baba wata alfarma muka zo nema, ka nuna masa hoton ɗakinka a waya ranar da ruwa ya shiga. Kar ka tsaya kan laifi, ka zo da mafita a hannu: ku gidajen layin ku haɗa ɗan kuɗi duk wata ku ɗauki mai amalanke ya riƙa kwashe shara, sannan kafin damina ta sauka, cikin watan Mayu, ku matasa ku fito da shebur ku yashe kwatar, abinda kuka fitar kuma a ɗauke shi ranar, in an jibge a baki ruwan farko zai mayar da shi. Liman zai tuna masa cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, to ina ga wanda ya zuba.

Mai amalanken nan ku biya shi haƙƙinsa kan lokaci, ku saya masa safar hannu, yana cusa hannu cikin fasassun kwalabe ne saboda ku. Kuma ku tambaye shi ina yake kaiwa. In bayan wata unguwar talakawa yake juyewa ko bakin kogi, to kun yi wa wasu abinda Baba yayi muku. Kai ma ka sa jaka ko kwando a babur in zaka kasuwa dan kar a ƙulla maka kaya a leda.

TAMBAYA: Goggo barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Marwa, na yi niyyar dasa itatuwa sadaka ga mahaifiyata Allah ya jiƙanta, na sayi dashe da yawa na raba a unguwa, duk sun mutu sai ɗaya. In sake ko in nemi wata sadakar?

AMSA: Alhaji Allah ya jiƙan Hajiya ya kai haske kabarinta. Ka sake mana. Hadisi ya tabbata cewa duk musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce gare shi. Kuma kai da ke Marwa shaida na gabanka, inuwar dalbejiyar da ta rufe titunan garin wasu ne suka dasa suka yi ta ban ruwa, tun shekarun 1970 aka fara shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a wannan yanki.

Matsalar rabawa ce ba mai kula. Wannan karon ka rage yawa, ko biyar ne, kowace ka san mai ita. Ka dasa in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ka haƙa rami mai zurfi ka sa taki, ka kewaye da ƙaya ko bulo dan awaki basa barin dashe. Wuyar tana cikin rani biyu na farko, musamman Maris da Afrilu. Wuri mafi sauƙi shine gefen masallaci ko makarantar allo inda ruwan alwala ke gangarowa kullum, sai a ja masa 'yar hanya zuwa gindin. In almajiri zaka sa ban ruwa ka yanka masa albashi duk wata, ka tabbatar hannunsa yake shiga. Ka haɗa da masu 'ya'ya, mangwaro ko gwaba in akwai ruwa, zogale da magarya in wurin busasshe ne. Ɗayar da ta rayu kuma kaje ka duba wa ke bata ruwa, ka fara da shi.