Tallafin makaranta na Ohio da makarantar Musulunci

Malam, ka tambaya ko tallafin da jihar Ohio ta Amurka ke ba iyaye zai biya wa ɗanka makarantar Musulunci mai zaman kanta. E, zai biya. Kotun Ƙolin Amurka ta halatta hakan tun 2002, a shari'ar da ta taso daga birnin Cleveland na jihar Ohio, tunda iyaye ne ke zaɓar makarantar.

Sharaɗin dai makarantar ta kasance cikin shirin EdChoice, wato shirin tallafin na jihar, don ba kowace ce ta shiga ba. Kafin ka cire yaron daga ta gwamnati, tambaye su kuɗin shekara gaba ɗaya. Mu tallafin bai kai ba, sai da muka cika daga aljihu, ga yunifom da littattafai a wuyanmu.