Kiristocin Wusasa da siyasar Arewa

Malam, ka tambaya ko Kiristocin ƙasar Hausa sun taɓa taka rawa a siyasar Arewa. Ai sosai ma. Je ka Wusasa, nan bakin Zariya, inda mishan ɗin CMS ta cocin Anglican ta koma a 1929, majami'ar St. Bartholomew ta ginin ƙasa tana nan tsaye har yau. Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, shi ya fara shugabantar Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC (Northern People's Congress). Farfesa Ishaya Audu kuwa ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari. Gowon ma a Wusasa ya tashi. A ganina makaranta ce ta ba su wannan dama, don sun riga jama'a shiga boko.