Kwamfutata tana daskarewa idan ina kwashe hotuna: laifin direba ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin shago a unguwar Misfala da ke Makka, inda nake buga wa alhazai da masu umara takardu da hotuna. Tun bayan Hajjin bana kwamfutar tebur ɗina mai Windows 10 take daskarewa na kusan rabin minti, fitilar faifai tana kunne ba ta ko ƙyaftawa, sannan ta farfaɗo kamar ba abin da ya faru. Kwashe hotuna zuwa faifai na biyu da ke ciki, wanda a da yake kai megabait 120 a daƙiƙa, yanzu da ƙyar yake kai 10. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsalolin da ya ci karo da su, ina ganin gargaɗi mai lamba 129 daga storahci, da 153 jefi-jefi. Wani mai gyara ya sake ɗora mini Windows, ya karɓi riyalolinsa, bayan kwana biyu matsalar ta dawo, yanzu kuma ya ce sai an sauya direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da faifai. Hakan ne?

Mai karatu daga Makka

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka taɓa komai, ka kwashe hotunan mutane da takardunsu zuwa wani faifai na waje, ka fara da waɗanda ba ka da kwafinsu a ko'ina, domin alamun da ka lissafa suna iya zama na faifan da ke gab da mutuwa, kuma amanar da ta salwanta a cikinsa ba a cika dawo da ita da arha ba.

Sunan storahci da kake gani shi ya ruɗi mai gyaran naka. Wannan shi ne direban da Windows ke amfani da shi wajen magana da faifan da aka haɗa da waya irin ta SATA, kuma lamba 129 tana nufin ya aika umarni ga faifai, ya jira har wa'adi ya cika ba amsa, sai ya sake tayar da hanyar gaba ɗaya. Wannan jiran ne kake gani a matsayin daskarewa. Lamba 153 kuwa tana nufin an maimaita karanta ko rubuta wani gurbi saboda yunƙurin farko bai yi nasara ba. Ke nan direban ɗan aike ne da ya dawo ya ce ya yi ta sallama ba a amsa ba, kuma tunda sabon Windows bai kawar da matsalar ba, zargina ya fi karkata ga ƙarfen da ke cikin akwatin.

Ka sauke CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta da ke karanta bayanan lafiya da faifai ke ajiyewa game da kansa, waɗanda ake kira SMART. Layuka uku za ka duba. Na 05 yana ƙirga guraben da suka lalace aka maye gurbinsu, na C5 kuma waɗanda faifan ya kasa karantawa yana jiran ya yanke hukunci a kansu. Idan ɗayansu ya haura sifili a ginshiƙin Raw Values, musamman idan yana ƙaruwa daga yau zuwa gobe, faifan ne ke ciwo, kuma ba direban da zai warkar da shi. A wannan hali kada ka yarda a sa masa chkdsk, manhajar Windows ta duba faifai, mai binciken kowane gurbi, kafin ka gama kwashe kayanka, domin sa'o'in da zai yi yana tilasta wa faifan karanta wuraren da suka lalace suna iya ƙarasa shi.

Layi na uku, C7, shi ne nake fatan ka samu da laifi, domin maganinsa bai wuce 'yan riyaloli ba. Yana ƙirga bayanan da suka gurɓace a hanya tsakanin faifai da babban allon kwamfuta, wanda kusan kullum siririyar wayar SATA ce ke jawowa, ko bakinta ya yi sako-sako ko an lanƙwasa ta da ƙarfi. Ka kashe wuta, ka sa sabuwar waya mai ɗan makullin ƙarfe a baki, ka soka ta a wani gurbin daban, ka kuma sauya wayar wutar da ke shiga faifan. Lambar C7 ba ta komawa sifili, don haka ka rubuta ta a takarda, bayan mako guda ka duba ko ta motsa.

Tunda ka buɗe akwatin, ka hure ƙurar fanka. Zafin Makka ba baƙo ba ne gare ka, kuma shagon da ake kashe wa na'urar sanyaya ɗaki lokacin salla a bar kwamfuta tana aiki yana gasa faifai. Manhajar za ta nuna maka zafinsa, kuma idan yana haura digiri 50 yana bukatar iska.

Sai idan duk waɗannan sun fito lafiya ne za mu koma kan Windows. Akwai tsarin tsimin wuta da ke sa hanyar faifai barci, wasu faifai kuma ba sa farkawa da wuri, abin da ke haifar da lamba 129 ɗin nan. A Power Options, wato saitin wuta na Windows, ka zaɓi High performance, ka kashe Link State Power Management da ke ƙarƙashin PCI Express. Idan bai isa ba, kuma allon naka na Intel ne, ka gwada direban Intel Rapid Storage daga shafin kamfanin da ya ƙera allon, ka guji manhajojin da ke alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya. Kada kuma ka sauya AHCI, wato tsarin da allon ke magana da faifai, a BIOS, saitin allon da ake shiga kafin Windows ya tashi, da ka, domin Windows zai iya ƙin tashi ya nuna maka shuɗin allo.

Bayan kowane sauyi guda, ka kwashe babban fayil ɗaya, kamar bidiyo mai gigabait 2, ka ga gudunsa, domin dubban ƙananan hotuna suna tafiya a hankali ko a faifai mai ƙoshin lafiya. Faifai mai juyi 7200 a minti ya kamata ya ba ka sama da megabait 100 a daƙiƙa. Idan bai kai ba, ka aiko mana da lambobin layukan nan uku da samfurin faifan.