Kullum Ina Ɗage Karatu, Abokina Ya Ce In Sha Tiramol

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe a nan Gusau. Duk daren Juma'a nakan kwanta da niyyar Asabar da Lahadi na karatu ne da rubutun furojet. Da gari ya waye sai in ce bari in karya, daga nan waya, daga waya majalisa, sai dai in ji kiran Magariba ban buɗe littafi ba. In ma na buɗe, ba na gama shafi biyu barci ya kwashe ni. Saura sati shida jarabawa. Abokin ɗakina ya ce in riƙa shan rabin tiramol, shi da ita yake kwana karatu. Abin ya fara ba ni tsoro. Ko ƙwaƙwalwata ce ta sami matsala?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, a abin da ka faɗa ban ga alamar ƙwaƙwalwarka ta taɓu ba. Wanda ke iya zaman awa uku a majalisa yana bin zaren hira har yana tuna wa mutane abin da suka faɗa makon jiya, kansa lafiya lau yake. Abin da ke faruwa shi ne da ka tuna furojet sai gabanka ya faɗi, domin aikin ya yi maka girma kuma ba ka san ta ina za ka kama ba. Waya da hira sukan ɗauke wannan faɗuwar gaba nan take, rai kuma ya saba da gudu can. Masu bincike irin su Timothy Pychyl da Fuschia Sirois sun daɗe suna nuna cewa jan ƙafa gudun damuwa ne, shi ya sa zagin kanka da "rago" yake ƙara tura ka majalisar.

Amma maganar tiramol ita ce ta tsaya mini a rai, domin kusan kullum sai na ci karo da ita a ɗakin duba marasa lafiya.

Tiramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin kodin da mofin. Ba a yi ta don karatu ba, ba ta ƙara basira, ba ta ƙara hadda. Abin da ke ruɗar samari shi ne tana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya ji garau, gajiya ta tafi, ya ji kamar zai haddace littafin a dare ɗaya. Ido a buɗe yake, amma ka tambaye shi da safe me ya karanta, sai ya fara kame-kame.

Duba lissafin. Likita yakan rubuta miligiram 50 ko 100 a sha ɗaya, kuma ko mai fama da ciwo mai tsanani ba a bari ya wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a bayan fage, irin wadda hukumar NDLEA ke yawan kamawa, 225 ce. "Rabin" da abokinka ya ce ya riga ya wuce abin da likita ke bayarwa a sha ɗaya. Guda biyu 450 ke nan, an haura iyakar yini gaba ɗaya. Kuma rabi ba ya zama rabi. Bayan 'yan makonni jiki ya saba, sai guda, sai biyu, sai a wayi gari in ba a sha ba ga ciwon gaɓoɓi, ga zufa, ga hamma, ga hanci na zuba, ga gudawa, barci kuma ya ƙi zuwa. A lokacin an daina sha don karatu, ana sha ne don a iya tashi daga katifa.

Sannan tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba. Ban manta wani yaro da abokansa suka kawo mana da asuba a makon jarabawa ba. Ya ciji harshensa, jini ya ɓata gaban rigarsa, biro na nan a aljihunsa. Abokan suka ce aljanu ne suka buge shi a aji, har an yi masa hayaƙi kafin a kawo shi. Da aka laluba wandonsa sai ga takardar ƙwaya, saura biyu a cikin goma. Jarabawar da ya sha ƙwayar dominta, a gadon asibiti ta wuce shi. Mahaifinsa ya zo daga ƙauye yana ta maimaita cewa yaron ko taba ba ya sha.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu sayarwar. Mai kemis da bai taɓa karanta yadda magani ke aiki a jiki ba, da mai tallar magani a faranti a tasha cikin rana, su ne yau suke rubuta wa ɗalibanmu "maganin karatu". A 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kuma binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a wannan shekarar ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan magungunan ciwo irin su tiramol ba bisa ƙa'ida ba. Duk da haka yaro zai miƙa kuɗi a miƙo masa babu takardar likita. Mai sayarwa ya ji tsoron Allah, ɗan wani ne yake kashewa a tsaye.

Kwana karatun ma da ake shan ƙwayar dominsa asara ne. A cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana, babba kuma yana bukatar aƙalla awa bakwai. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kansa ya ga mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ta zama ɗaya. Malamanmu na allo sun riga shi sani: a biya kaɗan, a maimaita, sai ya zauna sannan a wanke, ga tilawa kuma kullum.

To, ga abin da za ka yi a sati shidan nan. Daina cewa "gobe zan yi karatu", wannan niyya ba ta da kai ba ta da ƙafa. Kafin ka kwanta rubuta abu ɗaya ƙarami: bayan sallar Asuba, shafi na 12 zuwa na 16, a kan benci a aji. A zaune, kada ka yi a kan katifa, kuma tun kafin ka cika ciki da koko da ƙosai rana ta ɗaga. Wayar ka kai wa mai caji, sai hantsi ka karɓo. Yi minti 25, rufe littafin, faɗi abin da ka karanta da baki kamar kana yi wa wani bayani, ka huta minti biyar, ka koma. Majalisa kuwa ban ce ka bari ba, zumunci ne, kuma rai yana bukatar hira. Mayar da ita bayan La'asar, ka je kana da abin da ka gama a hannu.

Idan ka lura sama da sati biyu komai ya fita daga ranka har hirar da abinci, ko barcin ya rikice, wannan ya wuce jan ƙafa, ka ga likita.

Abokin ɗakinka kuma, kada ka tona masa asiri a majalisa, kada kuma ka ce ya yanke sha lokaci ɗaya, a hankali ake rage ta a hannun likita. Keɓe shi ka tambaye shi guda nawa yake sha yanzu. Ka raka shi babban asibiti a nan Gusau, in ta kama za a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato. In kuma ya faɗi yana jijjiga kafin nan, kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa, a nemi abin hawa.