Waƙar soyayyar da na rubuta ta yi tashe, ya halascin kuɗin da na samu?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matashi ne ina aiki a wani sutudiyo a Zoo Road nan Kano, ni nake haɗa kiɗa a kwamfuta kuma ina ɗan taɓa rubuta baitoci. Akwai yarinyar da muka daɗe muna soyayya sai mahaifinta ya ba wani saboda lokacin ba ni da ƙarfi, to cikin zafin abin ne na rubuta waƙa na sa sunanta a amshi da unguwarsu da ɗan kamanninta, wani mawaƙi abokina ya hau kai. Wallahi malam ban zaci za ta je ko'ina ba sai ga ta ta karaɗe gari, TikTok ne, gidan biki ne, cikin adaidaita sahu ne, har daga Nijar ana turo min bidiyo. Na samu kuɗi sosai, na yi wa mahaifiyata magani na sayi babur, sauran kuma ina so in yi sadaki da lefe na wadda zan aura yanzu. Wani ustazu ya ce min haram ne, wani kuma ya ce ai Ibnu Hazmin ya halatta kiɗa kuma an rera Banat Su'adu a gaban Annabi (SAW). Na dai ji an ce ita waccan ta yi yaji saboda tsokanar da ake wa mijinta amma ni ba da nufin haka na yi ba. Ya matsayin kuɗina?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya ba mahaifiyarka lafiya ya saka maka da jin ƙanta da ka yi. Amma ka zo kana tambaya a kan kuɗi alhali abin da ya fi tayar min da hankali yana cikin layin da ka wuce da sauri, inda ka ce ka sa sunanta da unguwarsu da kamanninta kuma matar wani ce. Nan hukuncin ya juya.

Waƙe a kan kansa magana ce, mai kyansa mai kyau ne mummunansa mummuna ne, mutum ya yi wa matarsa baitin so a ɗakinsu babu laifi, ganga ta mata a ranar biki ita ma an yi sauƙi a kanta, duk wannan ba a ja da shi. Abin da ka yi daban ne. Ka ɗauki mace sananniya wadda ba ta halatta gare ka ba ka siffanta ta ka miƙa wa duniya. Annabi (SAW) ya hana mace ta zauna da 'yar'uwarta mace sannan ta je ta siffanta wa mijinta ita kamar yana kallonta, hadisin yana cikin Bukhari, to in an hana mace siffanta wa mutum ɗaya a ɗaki ina ga namiji ya siffanta wa duk mai waya a hannu? Sannan akwai hadisin Abu Dawuda cewa ba ya cikinmu wanda ya ɓata tsakanin mace da mijinta. Na yarda ba ka nufi ta yi yaji ba, amma ka yi tunanin magidancin nan ya fito zai tafi kasuwa ya tare adaidaita, yana shiga ya ji sunan matarsa na tashi a sifika, direba na bin amshi, yaran unguwa su hango shi su fara rerawa suna dariya, wannan mutumin da wace fuska zai koma gida ya ci tuwonta? Ita kuma baiwar Allah biyayya ta yi wa ubanta, ba ta yi maka komai ba.

Batun Banat Su'adu kuwa, ƙasidar Ka'abu ɗan Zuhairu ce da ya zo da ita yana neman afuwa bayan buɗe Makka, masu sharhi sun ce Su'adu ko dai matarsa ce ko kuma suna ne kawai irin wanda mawaƙan Larabawa suka saba buɗe ƙasida da shi, babu wanda ya ce matar wani ce da aka san ƙofar gidanta, kuma ba kiɗa a ciki.

Sai maganar Ibnu Hazmin, wadda yanzu duk yaron da ya shiga sutudiyo ya haddace sunansa ko da bai taɓa ganin bangon littafinsa Muhalla ba. Eh babban malami ne, ya rasu a shekara ta 456 bayan hijira, kuma gaskiya ne ya halatta kayan kiɗa, ba za mu ɓoye ba. Amma mu duba a kan me ya gina. Ya ce hadisin da ke cikin Bukhari mai lamba 5590, inda Annabi (SAW) ya ce za a samu wasu a al'ummata da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, wai yankakke ne, wato isnadinsa, jerin masu ruwayarsa, bai haɗu ba, saboda Bukhari cewa ya yi "Hishamu ɗan Ammaru ya ce" bai ce "ya ba mu labari" ba. To ai Hishamu malamin Bukhari ne, ya zauna gabansa ya ɗauki karatu, kuma Bukhari ba a san shi da ɓoye mai ruwaya ba, in ya ce malamina ya ce to ya ji ne. Ko mu bar wannan, Ibnu Hibban da Ɗabarani da Baihaƙi sun kawo hadisin da isnadi a haɗe har zuwa Hishamu, Ibnu Hajar ya tattaro hanyoyin a Fathul Bari. Sai kuma Ibnu Hazmin ya ce mai ruwaya ya yi shakkar sunan sahabin, Abu Amir ne ko Abu Malik, to wannan wace illa ce tunda ko wanne aka ɗauka sahabi ne amintacce? Shi ya sa Ibnus Salah ya yi masa raddi, Hafiz Iraƙi kuma a Alfiyarsa ya faɗa ƙarara cewa kar a saurari Ibnu Hazmin a wannan hadisin. Mu nan da muka tashi da Risala a zaure mun karanta inda Ibnu Abi Zaidin ya ce bai halatta ka yi gangancin sauraron kayan wargi da waƙa ba, Imamu Malik da aka tambaye shi a kan waƙar da ake yi a Madina cewa ya yi fasiƙai ne ke yin ta a wajenmu. Kuma kar wani ya ce maka ai kiɗan kwamfuta ba kiɗa ba ne tunda ba a taɓa ganga ba, kai da kake haɗa shi ka fi ni sanin sautin fiyano da ganga ne ke fita kuma shi ke sa mutane tashi rawa.

To mu ƙaddara ma ka ce kai ra'ayin masu sauƙi za ka bi, ba zai fisshe ka ba. Gazali da ya faɗaɗa sauƙi a kan waƙa a littafinsa Ihya'u ya haramta siffanta mace takamaimai wadda ba ta halatta ga mutum ba, Ƙardawi ma da ya halatta a zamanin nan ya sa sharaɗin kalmomin su zama masu tsafta kar su tayar da fitina. Taka waƙar ta faɗi a wajen kowa.

Yanzu kuɗin. Wanda ka kashe a asibiti da babur kafin ka san hukunci ya wuce, ka yi istigfari, kar ka sayar da babur ɗin ka zauna ba sana'a, kuma kar ka je ka ɗaga wa tsohuwa hankali da cewa da haram aka yi mata magani. Wanda ya rage a hannunka ba mai tsarki ba ne, ba za ka mayar wa mawaƙin ba, ka fitar da shi ga mabuƙata ko gyaran rijiya ko magudanar ruwa a unguwa da niyyar rabuwa da shi. In kai kanka ba ka da komai sai shi, Ibnu Taimiyya ya yi sauƙi ga mai tuba matalauci ya ɗebi gwargwadon buƙatarsa ko ɗan jarin da zai kama sana'ar halal. In ka biya sadaki da shi aure ya ɗauru amma ban so maka ka kafa gida a kan kuɗin da aka samu da hawayen wata, gara ka rage akwatunan lefe ka biya sadaki da guminka ko kaɗan ne. Abin da zai ci gaba da shigowa daga YouTube bayan yau kuwa ba ka da uzuri a kansa tunda ka sani.

Ka sauke waƙar daga duk shafin da kake da iko da shi, ka roƙi abokinka shi ma ya sauke ya daina hawa da ita a biki. Na san ba za ta goge a wayoyin mutane ba, mun ga yadda aka yi a 2020 lokacin kullen korona da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta fito matan aure suka riƙa taka rawa gaban mazajensu ana ɗauka ana watsawa, waƙa in ta fita mai ita ba shi da iko da inda za ta sauka, amma kai ka yi naka. Kuma za su zo maka, wallahi za su zo, su ce ka yi kashi na biyu tunda kasuwa ta buɗe, ko wani ango ya ce ka sauya sunan ka sa na amaryarsa, kar ka yarda.

Sannan dan Allah kar ka ce za ka kira ta ko ka tura mata saƙo wai neman yafiya, shaiɗan zai shigo ta nan, kuma in mijin ya gani ka ƙarasa kashe auren. Kar kuma ka yi bidiyon ba da haƙuri ka sake ambaton ta. Ka sami dattijo ɗaya cikin danginku ko limamin unguwarku ya je wajen mahaifinta a asirce ya ba da haƙuri ya shaida masa cewa ita ba ta da hannu kuma ba ku da wata alaƙa tun da aka ɗaura, shi uban ya san yadda zai isar wa surukinsa.

Wadda za ka aura kuma ita ma tana jin waƙar nan kamar kowa, ka zaunar da zuciyarka ka tabbata ka gama da waccan kafin ka ɗauko 'yar mutane, in har yanzu da saura ka ɗan jinkirta ka yawaita azumi da addu'a. Baiwar tsara baiti da Allah ya ba ka ba sai ka binne ta ba, Nana Asma'u da Aliyu Namangi da waƙe suka karantar da mutane, kuma na'urar da ke gabanka tana ɗaukar karatu da talla da shirin rediyo, ka fara neman irin wannan aikin tun yanzu ko da kuɗinsa bai kai na waƙa ba.

Wallahu a'alam.