Kunnen ɗana yana zubar da mugunya bayan mura, ya warke ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan wata 14 ya yi mura, zazzaɓi ya biyo baya, ya kwana biyu yana kuka yana jan kunnensa na dama. Yau da safe na ga mugunya a matashinsa, kukan kuma ya tsaya. Ya warke ke nan, ko in ɗiga masa magani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Bai warke ba tukuna. Kada ki ɗiga masa komai, ki kai shi asibiti yau a leƙa kunnen.

A bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, wanda wani siririn bututu ya haɗa shi da bayan hanci. Bututun yara gajere ne kuma a kwance yake, shi ya sa ciwon ya fi kama 'yan wata 6 zuwa shekara 2. Mura kan kumbura bututun ya toshe, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki. Mugunyar da ta rasa mafita ita ke tura dodon kunnen, ta hana yaro barci. Da dodon ya huje sai ta samu hanya, raɗaɗin ya lafa. Ga alama abin da ya faru da ɗanki ke nan. Hujin kan haɗe da kansa cikin 'yan makonni idan an kula da shi.

Yawancin ciwon nan kan tafi da kansa cikin kamar kwana 3, don haka ba kowane yaro ake ba antibayotik ba. Amma ana ba jaririn da bai kai wata 6 ba, da ɗan ƙasa da shekara 2 da ciwon ya kama kunnuwansa biyu, da mai zafin jiki digiri 39 ko fiye, da wanda kunnensa ke zuba kamar ɗanki. Amoxicillin aka fi farawa da shi, gwargwadon nauyin yaro, kwana 5 zuwa 10. Ki cika kwanakin ko da zubar ta tsaya. Don zafi, farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinsa, duk awa 6. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 100 zuwa 150 ke nan. Ban da asfirin.

A gida, ki murɗa tsaftataccen tishu kamar lagwani, ki sa a bakin kunnen ya tsotse mugunyar, ki sauya har ya fito a bushe, sau 3 a rana. Tsinken auduga, mai, ruwan ganye da ruwan wanka duk kada su shiga, domin yanzu ƙofa a buɗe take har ciki. Wasu magungunan ɗigawa ma suna lahanta ji idan dodon ya huje, sai wanda likita ya rubuta.

Ki koma da gaggawa, ko da dare ne, idan bayan kunnen ya kumbura ya yi ja, wuyansa ya sanƙare, ya yi jijjiga, ya ƙi shan nono, ko gefen fuskarsa ya karkace. Haka kuma idan an kwana 2 zuwa 3 ana magani babu sauƙi. Zubar da ta wuce mako 2 ta fara zama daɗaɗɗen ciwo, kuma irinta ce ke jawo kurumta.

Nan gaba, ki nisanta shi da hayaƙin taba, kada ya sha madara a kwalba yana kwance, a kuma cika masa allurar rigakafin nimoniya. Ruwa kan yi saura a kunnen har wata 3. Idan bayan haka kina kiransa ba ya waiwayowa, ko maganarsa ta yi jinkiri, a gwada jinsa.